Daga Ma'aunin Ruwa Zuwa Zauren Taro: Yadda Ake Haɗa Rahoton IPCC da Gurbin Treichville a Cikinsa

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin matakan da kwamitin ƙasashen duniya kan sauyin yanayi, wato IPCC, yake bi wajen haɗa rahotanninsa, sannan ta auna su da halin da Treichville da Adjamé na birnin Abijan na Kwadibuwa suke ciki. An dogara da ƙa'idojin aikin kwamitin da rahotannin zagaye na shida da suka fito daga 2021 zuwa 2023. Maƙalar ta nuna cewa tacewar da ake yi wa rahoton tana da tsauri, amma abin da ba a auna ba, ko aka auna ba a buga shi a mujalla ba, da wuya ya isa hannun marubuta. A nan ne biranen gaɓar tekun Afirka ta Yamma suke asara.

1. Gabatarwa

A daren 18 ga Yuni 2018 ruwa ya kwana yana zuba a Abijan. Kafin gari ya waye aƙalla mutum 18 sun rasu. Duk wanda ya san mahaɗar Indénié, wadda ke tsakanin Adjamé da Plateau da Cocody, ya san yadda ruwan kwarin Gourou ya daɗe yana taruwa a can ya tsayar da motoci cak. Treichville kuwa a kan tsibirin Petit-Bassam take, wanda tafkin Ébrié ya kewaye, ƙasarta ba ta ɗara ruwa da wani tsawo mai yawa ba. A waɗannan unguwanni Hausawa da sauran 'yan Nijar suka daɗe suna neman abinci, tun zamanin da Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa na 1958 a Treichville tare da Oumarou Ganda, har zuwa masu sayar da abincin garba da 'yan tebur na yau.

Tambayar da ke gabanmu ita ce: ta wace hanya ruwan wancan dare zai bi ya shiga rahoton da gwamnatoci suke kafa hujja da shi wajen rabon kuɗin tallafi da tsara manufofi?

2. Kwamitin da aikinsa

Hukumar yanayi ta duniya da shirin muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya ne suka kafa IPCC a 1988, kuma a zagaye na shida ƙasashe 195 ne mambobinsa. Mutane da yawa suna ɗauka cibiyar bincike ce. Ba haka ba ne. Ba shi da ɗakin gwaji, ba ya auna ko ɗigon ruwa. Aikinsa tara binciken da wasu suka riga suka buga, ya duba inda masana suka yi ittifaƙi da inda suka saɓa. An raba aikin ga rukunonin masana: na farko yana kula da kimiyyar yanayi kanta, na biyu da illoli da hanyoyin jure musu, na uku da rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Manyan rahotanni sun fito a 1990, 1995, 2001, 2007, 2013 zuwa 2014, sai na shida da aka rufe a Interlaken ta Suwizalan a Maris 2023.

3. Matakan haɗa rahoto

Ana farawa da taron tsara babi-babi, ƙasashe su amince da jadawalin. Daga nan kowace gwamnati ta miƙa sunayen masananta ta hannun jami'in da ke wakiltarta, shugabannin kwamitin su zaɓa, suna la'akari da ƙwarewa da yanki da jinsi. Marubutan ba a biyansu albashi. Asusun kwamitin yana ɗaukar kuɗin tafiyar waɗanda suka fito daga ƙasashe masu tasowa, amma darussan da malami zai koyar a Cocody ko Zariya suna nan suna jiransa, kuma sau da yawa ba shi da mataimakin bincike irin wanda takwaransa na Jamus yake da shi.

Daftarin farko masana ne suke duba shi, kuma duk wanda ya bayyana ƙwarewarsa yana iya yin rajista. Daftari na biyu yana zuwa ga masana da gwamnatoci tare. Kowane tsokaci, komai ƙanƙantarsa, dole a ba shi amsa a rubuce, kuma akwai editocin bita da aikinsu shi ne tabbatar da cewa ba a yi biris da kowa ba. Rahoton rukunin farko na Agusta 2021 marubuta 234 ne suka rubuta shi, sun kafa hujja da ayyuka sama da 14,000, sun amsa tsokaci sama da 78,000. An ƙara tsananta wannan tsari bayan kuskuren da ya shiga rahoton 2007, inda aka ce ƙanƙarar duwatsun Himalaya za ta iya narkewa nan da 2035, abin da ya sa aka gayyaci haɗakar cibiyoyin kimiyya na duniya ta binciki tsarin a 2010.

Hatta kalmomin da ake amfani da su an ɗaure su da lissafi. In rahoto ya ce abu mai yiwuwa ne, yana nufin yiwuwar ta kai kashi 66 cikin ɗari ko sama. In ya ce mai yiwuwa ne ƙwarai, kashi 90 ke nan. In ya ce kusan tabbas ne, kashi 99. Mai fassara zuwa Hausa a gidan rediyo yana bukatar ya san wannan, domin "wataƙila" tamu ba ta ɗauke da nauyin nan.

Mataki na ƙarshe shi ne ya fi jan hankali. Dubban shafukan rahoton gwamnatoci karɓa kawai suke yi, amma taƙaitaccen bayanin da aka yi domin masu mulki, shi jimla-jimla ake amincewa da shi. Ana haska jimlar a babban allo, marubutan suna zaune a gaba, wakilan ƙasashe suna ɗaga allunan sunayensu. Wani ya nemi a sassauta kalma, wani ya nemi a ƙarfafa ta, marubuta su ce ko canjin ya dace da abin da ke cikin babi ko bai dace ba. Sai kowa ya yi shiru shugaban zama zai buga guduma. Akan kai asuba a kan sakin layi ɗaya, kuma ƙasar da ta turo wakili ɗaya ko biyu ba za ta iya zama a ɗakunan tattaunawa da yawa a lokaci guda ba. Ana sukar wannan mataki da cewa siyasa tana shiga kimiyya. A ganina sukar tana da tushe, amma amfaninsa ya fi: gwamnatin da ta amince da jimla da bakinta ba ta da damar ƙaryata ta gobe.

4. Inda Treichville take faɗuwa daga rariya

Hausawa sun ce ruwan da ya dake ka shi ne ruwa. A wajen IPCC kuwa, ruwan da aka auna aka rubuta shi ne ruwa. Tafiyar tana farawa ne daga wani mazubi mai bakin mazurari da aka kafa a fili, ma'aikaci ya zo da safe ya juye ruwan cikin gwangwanin awo ya rubuta milimita nawa ne. A Kwadibuwa hukumar SODEXAM ce ke riƙe da wannan aiki. Daga rajista sai alƙaluman su shiga kwamfuta, wani mai bincike ya samu izinin amfani da su, ya rubuta maƙala, mujalla ta karɓa kafin ranar rufe ƙofa. Ga rukunin farko na zagaye na shida, ranar ita ce 31 ga Janairu 2021. Duk abin da ya makara sai wani zagayen.

A kowane mataki ana zubar da wani abu. Hukumar yanayi ta duniya ta daɗe tana cewa yawan tashoshin auna yanayi a Afirka bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na mafi ƙarancin abin da ake bukata ba. Ruwan hadari kuwa yakan zuba a Adjamé kamar da bakin ƙwarya alhali tashar filin jirgin sama da ke Port-Bouët ba ta ga rabinsa ba. Sakamakon ya bayyana ƙarara a taswirar rahoton 2021, inda aka raba ƙasashen duniya zuwa yankuna 45. A kan batun ruwa mai ƙarfi, yankuna 18 an bar su da launin toka, ma'ana bayanai ko rubuce-rubuce ba su isa a yanke hukunci ba, kuma da yawa daga cikinsu a Afirka da Kudancin Amurka suke. Launin toka ba ya nufin babu abin da ya canza. Yana nufin ba a rubuta ba.

Babin Afirka na rahoton rukuni na biyu, wanda Christopher Trisos da Ibidun Adelekan ta Jami'ar Ibadan da Edmond Totin na Benin suka jagoranta, ya faɗi dalilin da lambobi. Daga 1990 zuwa 2019, kashi 3.8 cikin ɗari kacal na kuɗin binciken yanayi a duniya aka kashe kan Afirka, kuma kashi 78 na wannan ɗan abin cibiyoyin Turai da Arewacin Amurka ne suka karɓa. Cibiyoyin Afirka kashi 14.5 suka samu. Ga kuma matsalar harshe. Ana rubuta daftari da Ingilishi, ana muhawara a kansa da Ingilishi. Ƙa'ida ta yarda a kafa hujja da aikin da aka yi da Faransanci, amma kundin digiri da ke kan kanta a Jami'ar Félix Houphouët-Boigny, wanda ƙila ya auna magudanan Treichville ɗaya bayan ɗaya, da wuya marubucin da ke wata nahiya ya san da zamansa.

Inda aka zuba jari a aunawa, sakamako ya fito. Binciken damina na AMMA da ayyukan cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD na Yamai sun sa an fi sanin hadarin Sahel fiye da na gaɓar teku. Taylor da abokan aikinsa sun nuna a 2017 cewa manyan haduran Sahel sun ninka sau uku tun 1982. Abijan ma ba a bar ta ba wakili ba: Arona Diedhiou, wanda ya yi aiki da jami'ar birnin, yana cikin marubutan rahoton musamman na 2018 kan ɗumamar maki 1.5, ya kuma yi editan bita a babin ruwa na rahoton 2021. Amma marubuci, ko ɗan gari ne, ba shi da ikon rubuta abin da idonsa ya gani sai abin da aka riga aka rubuta aka wallafa.

Zafin Fabrairu 2024 misali ne na kusa. An yi shi ne lokacin da Kwadibuwa take karɓar gasar cin kofin Afirka, har ana tsayar da wasa 'yan ƙwallo su sha ruwa. Masu binciken danganta bala'i da sauyin yanayi sun gano cewa ɗumamar duniya ta ƙara wa zafin da jiki ke ji kusan maki 4, amma sun koka da ƙarancin bayani kan waɗanda suka jikkata. Mai soya kifi a gaban tafasasshen mai ƙarƙashin rufin kwano ya san abin da ya ji a watan nan, babu dai rajistar da ta ɗauka.

5. Ƙofar da ke buɗe

A zagaye na bakwai, ƙarƙashin Jim Skea da aka zaɓa a Nairobi a Yuli 2023, IPCC yana haɗa rahoto na musamman kan birane, wanda aka tsara fitarsa a 2027, kuma Aïda Diongue-Niang ta Senegal da Nana Ama Browne Klutse ta Gana suna cikin mataimakan shugabannin rukunin farko. Tekun da ya ƙaru da santimita 20 daga 1901 zuwa 2018 yana shiga tafkin Ébrié ta mashigin Vridi. Abin da ya rage ga jami'o'in Abijan da Yamai da Kano shi ne su fitar da kundayen ɗalibansu zuwa mujallu tare da tsakure da Ingilishi, malamansu su yi rajistar duba daftarin manyan rahotannin da ke tafe, hukumomin birni kuma su kafa ma'aunin ruwa a kan rufin makarantu da kasuwannin Adjamé da Treichville, a riƙa karanta su kowace safiya.