Daga Jirgin Kara Zuwa Jirgi Maras Matuƙi: Garwa da Tarihin Tuƙi Daga Nesa

Kalmar "jirgi" ta girmi jirgin sama nesa ba kusa ba. A bakin Bahaushen dauri, jirgi shi ne abin da ake fafewa daga gungumen itace a ƙetare kogi da shi. Da layin dogo ya iso Kano a 1911 sai aka ce jirgin ƙasa. Da jirage uku na sojan saman Ingila suka taso daga Masar suka sauka a Kano ranar 1 ga Nuwamba 1925, sai aka ce jirgin sama. Duk sabon abin hawan da ya zo, harshen yakan ɗauko tsohuwar kalmar ne ya ɗaura mata wutsiya. Autan su shi ne "jirgi maras matuƙi", suna mai ɗan ruɗarwa, domin jirgin yana da matuƙi, ba ya cikinsa ne kawai. Yana ƙasa a zaune ko a tsaye, yana aika wa jirgin umarni ta rediyo.

Garwa, babban birnin Jihar Arewa ta ƙasar Kamaru, ta ga kusan dukkan waɗannan jirage ban da na ƙasa, wanda ya tsaya a Ngaundare. Gari ne da Fulani suka kafa a ƙarni na 19 a gaɓar kogin Binuwai, ƙarƙashin masarautar Adamawa, kuma Hausawa fatake sun daɗe da zama a cikinsa. A zamanin Turawa ta zama tashar jiragen ruwa: idan kogi ya cika da damina, jirage kan hauro daga Nijeriya ta Lakwaja da Yola, su sauke gishiri da siminti da mai, su ɗauki gyaɗa da auduga, su juya kafin ruwa ya janye. Rediyo ma ba baƙuwa ba ce a tarihin garin. Ahmadu Ahijo, wanda aka haifa a Garwa a 1924, ya fara aiki ne a gidan waya a matsayin mai aika saƙonni ta rediyo, kafin ya zama shugaban Kamaru na farko a 1960. A yau garin yana da filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa, wanda fasinjoji suke tarayya a kansa da sansanin sojan sama.

A wannan fili ne jirgi da rediyo suka haɗu a sabuwar siga. Ranar 14 ga Oktoba 2015 Shugaba Barack Obama ya sanar da majalisar dokokin Amurka cewa ya tura sojoji 90 zuwa Kamaru, kuma adadinsu zai kai kimanin 300, domin leƙen asiri ta sama a yaƙin da ake yi da Boko Haram. A Garwa aka sauke su. Jiragen da suka yi aiki da su, irin su Gray Eagle, faɗin fikafikansu ya kai mita 17, suna iya yini su kwana a sama, su leƙa Fotokol da Kolofata da bakin tafkin Chadi, ba ko mutum ɗaya a cikinsu.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, wannan dodo jikan abin wasa ne.

Tun a 1898 Nikola Tesla ya nuna wa jama'a a birnin New York wani ɗan jirgin ruwa da yake juyawa daga nesa ba tare da waya ba. Amma ruwa yana da haƙuri: in umarni ya makara, jirgi sai ya ci gaba da shawagi. Sama ba ta jira. A 1937 wasu tagwaye a garin Kalamazoo na Amurka, Walter da William Good, suka shawo kan matsalar a ƙaramin jirgin wasa. Walter gwanin ƙera ƙananan jirage ne da itacen balsa, wani itace maras nauyi da ke fitowa a Kudancin Amurka. William kuma mai sha'awar haɗa rediyo ne a ɗaki. Ɗaya ya kawo jirgi, ɗaya ya kawo linzami. Jirginsu mai suna Guff ya ci gasar ƙasa fiye da sau ɗaya, yanzu kuma yana ajiye a gidan tarihin sufurin sama na Washington.

Kayan wancan zamani sai mai taurin rai. Rediyon na kwalaben lantarki ne masu saurin fashewa, baturan masu nauyi, kuma yawancin jiragen da suka biyo baya umarni ɗaya tak suke ji. A cikin jirgi akwai wata 'yar na'ura da robar da aka murɗa take juyawa. Matuƙi ya danna maɓalli sau ɗaya wutsiya ta karkata dama, ya danna sau biyu ta karkata hagu. In ya ɓata lissafi, ko robar ta gama warwarewa, sai ya bi jirginsa da ido kawai. Sai bayan 1960, da taranzisto ya wadata, aka samu na'urar da jirgi ke bin motsin yatsa daidai gwargwado: a tura sanda kaɗan ya karkata kaɗan, a tura sosai ya karkata sosai.

Sojoji ba su yi barci ba. A 1935 Ingila ta fito da Queen Bee, jirgin horo da aka mayar abin tuƙawa da rediyo domin masu harbin jirage su gwada saiti a kansa. A Amurka kuwa, wani ɗan fim haifaffen Ingila, Reginald Denny, ya buɗe kantin sayar da jiragen wasa a Hollywood, daga nan ya kafa kamfanin Radioplane, wanda ya ƙera wa sojoji kusan jirage 15,000 na irin wannan aiki a Yaƙin Duniya na Biyu. (A masana'antar ne wani mai hoto na soja ya ci karo da wata ma'aikaciya, wadda daga baya duniya ta sani da suna Marilyn Monroe.) Mahaɗar da ta fi kusa da Garwa ita ce Abraham Karem. An haife shi a Bagadaza a 1937, ya tashi a Isra'ila yana ƙera ƙananan jirage tun yana yaro, ya koma Amurka a 1977. A garejin gidansa da ke yankin Los Angeles ya haɗa Albatross, jirgin da ya yi awa 56 a sama bai sauka ba. Daga aikinsa aka samu Predator, wanda ya fara tashi a 1994, daga Predator kuma aka samu Gray Eagle. Wato daga benci na yaro mai manna itace zuwa filin jirgin Garwa, tsani ne mai matakai ƙalilan.

To, a nan ne tarihin arewacin Kamaru ya saɓa da na ƙasashen da aka ƙirƙiro abin. Can an fara da wasa, aka kafa ƙungiyoyi da filaye da gasa, sannan soja ya ɗauka. Nan kuwa labarin ta wutsiya ya shigo: jama'a sun fara jin labarin jirgin da ke leƙen su kafin su ga wanda za su riƙe a hannu. Harshe ma ya shaida haka. Da sojan saman Nijeriya suka ƙera nasu a Kaduna, na Disamban 2013 sun sa masa suna Gulma, na Fabrairun 2018 kuma Tsaigumi. Sunaye ne na raha, amma masu kaifi, domin duka biyun suna nufin kai maganar wani inda bai aike ka ba. Ɗalibin Hausa zai lura cewa ba a kira jirgin da sunan shaho ko shirwa ba, da sunan halin ɗan'adam aka kira shi.

Ba wai ƙasar ba ta da tushen sana'ar ba ne. Duk inda ake noman dawa, daga Katsina har Marwa, yara sun san motar kara. Bayan girbi sukan feƙe bawon kara su fitar da totuwa, su yanka ta gunduwa-gunduwa, su soke da tsinken bawon, su tayar da mota ko babur ko jirgin sama har da farfela. Totuwa da balsa kusan hali ɗaya gare su: ba nauyi, wuƙa tana cin su cikin sauƙi, kuma suna koya wa hannu cewa kowane ɗan ƙari yana da farashi. Yaron da ya iya wannan ya riga ya mallaki rabin abin da Walter Good ya kawo. Rabin William ne, wato rediyon, ya daɗe da fin ƙarfin aljihu.

Wannan rabin ma ya sauko. Canje-canje uku ne suka taru a farkon ƙarnin nan. Batirin litiyam, ɗan'uwan na wayar hannu, da ƙaramin injin lantarki mai ƙarfi, sun maye gurbin injin mai, mai ƙara da wuyar tayarwa. Soso mai tauri, dangin wanda ake naɗe sabuwar talabijin da shi, ya maye gurbin itace, ta yadda jirgin da ya faɗi ana iya manne shi da gam a sake tashi da yamma, maimakon a yi wata guda ana jinyarsa. Na ukun shi ne zangon rediyo. A da, in mutum biyu suka kunna na'ura a zango ɗaya, dole jirgin ɗayansu ya rikito, shi ya sa kowace ƙungiya take da allon da ake karɓar izinin zango a kai, kamar masu jiran layi a rijiya. Daga wajen 2005 aka koma zangon gigahaz 2.4, inda kowace na'ura take gane jirginta ita kaɗai.

Saboda haka kayan mafari a yau ba su da yawa: na'urar hannu mai sanduna biyu, ƙaramar mai karɓar saƙo a cikin jirgi, 'yan injina biyu ko uku masu ja da tura wutsiya da gefen fiffike, sai injin farfela da batir da cajarsa. Abin da shekaru tamanin na faɗuwa suka koyar shi ne zaɓen jirgin kansa. Idon sabon shiga yakan tafi ga mai siffar jirgin yaƙi, kuma wannan kuskure ne mai tsada. Jirgin koyo shi ne mai fiffike a saman gangar jiki, faffaɗa, da bakinsa biyu sun ɗan ɗaga sama. Irinsa yana tafiya a hankali, in an sake sanda yakan daidaita kansa. Wahalar da ta fi kayar da mutane ma ba ta na'ura ba ce. Idan jirgi yana tafiya gaba, damarsa ita ce damar matuƙi. Da zarar ya juyo yana fuskantarsa, sai hagu ta zama dama. Daƙiƙa biyu na ruɗewa sun isa. Domin haka aka ƙirƙiro haɗa na'urar malami da ta ɗalibi, malami ya karɓe tuƙi in abu ya ɓaci, aka kuma ƙirƙiro manhajar gwaji a kwamfuta, inda faɗuwa ba ta cin ko sisi.

Kada a raina abin don ƙanƙantarsa. A Agustan 2003 wani dattijo Ba'amurke, Maynard Hill, idonsa ya kusa tafiya, ya saki jirgin da bai wuce kilo 5 ba daga gaɓar Kanada. Bayan kusan awa 39 da tafiyar kimanin kilomita 3,000, jirgin ya sauka a Ailan, ya ƙetare tekun Atlantika da man da bai kai galan ɗaya ba. A Kamaru kanta, wani matashi, William Elong, ya kafa kamfani a Duwala da ya shahara da haɗa ƙananan jirage marasa matuƙa domin ɗaukar hoto da taswira. A Kaduna kuma, tun 2022 jiragen Zipline suke kai magunguna asibitocin karkara. Ƙasar auduga irin ta Binuwai, inda kamfanin Sodecoton yake da hedikwata a Garwa, ba ta rasa gonakin da ke bukatar a dube su ta sama ba.

Sai dai mafari a Garwa yana da abokan gaba da littattafan Turai ba su san su ba. Zafin Maris da Afrilu yana haura digiri 40, batirin litiyam kuwa in aka bar shi a rana ko a rufaffiyar mota yakan kumbura, har ya kama da wuta. Hunturu yana zuwa da iska mai fizgar jirgi maras nauyi, da hazo mai haɗiye shi tun bai yi nisa ba, don haka sanyin safiya ne lokacin tashi. Waɗannan duk masu sauƙi ne. Mai wuyar ita ce zato. Tun da masu tayar da ƙayar baya a yankin tafkin Chadi suka fara amfani da ƙananan jiragen kasuwa, da farko don leƙe, daga baya har da ɗaura musu abin fashewa, idon jami'an tsaro ya daina bambanta abin wasa da makami, kuma da wuya a ga laifinsu. A Janairun 2025 rundunar sojan Nijeriya ta haramta tayar da irin waɗannan jirage a jihohin Borno da Yobe da Adamawa ba da izini ba, kuma Adamawa ce maƙwabciyar Garwa ta yamma.

A Kamaru, sararin sama yana ƙarƙashin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, kuma a Garwa filin jirgin yana jikin gari ne, ga sansanin soja a gefensa. Wanda ya haɗa jirginsa na farko a can, kafin ya caja batir sai ya nemi izinin hukuma, ya fita bayan gari nesa da titin saukar jirage, ya sami fili a gonar da aka girbe. Kafin ya tayar kuma sai ya je ya gai da jauro ko lawanin wurin, ya ajiye jirgin a gabansa, ya bar shi ya ɗaga ya ji nauyinsa, ya juya shi ciki da baya, ya ga babu kyamara babu komai sai soso da waya.