TARIHIN SALSALA A BIRNIN SHEHU DA HAKKIN DA KE KANMU

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, tun da Allah ya nufe mu da taruwa domin aza harsashin wannan ɗaki nasa, mun ga ya kyautu mu tunatar da jama'a wani harsashin da ke neman zubewa a gidajenmu, watau sanin iyaye da kakanni.

Tsare salsala tsohuwar al'ada ce ta malaman wannan ƙasa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, a cikin littafinsa Ida'un Nusukhi, ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu daga gare su, ya kuma bayyana asalin gidansu. Daga irin waɗannan rubuce-rubuce ne muka san cewa Mujaddadi shi ne Usmanu ɗan Muhammadu Fodiyo ɗan Usmanu ɗan Salihu ɗan Haruna, haka har zuwa Musa Jakollo, wanda ya taso da jama'arsa daga Futa Toro ya sauka ƙasar Ƙonni. An haifi Shehu a Maratta cikin 1754, ya tashi a Ɗagel, ya yi hijira zuwa Gudu cikin 1804 (1218 Hijiriyya), ya rasu a nan Sakkwato cikin 1817 (1232). Ba domin alƙalamin magabata ba, da yawancin wannan ya shige duhu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya bi wannan tafarki a Infaƙul Maisuri, haka kuma Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u, ya tattara labarin Shehu da jama'arsa a Raudul Jinani.

Gidan wazirai da ke Giɗaɗawa shi ya riƙe wannan amana har zuwa zamaninmu. Waziri Junaidu ɗan Buhari, wanda aka haifa cikin 1906, aka naɗa shi wazirci cikin 1948, ya rasu cikin 1997, Allah ya jiƙansa, ya tara littattafai da wasiƙun sarakuna masu yawan gaske, ya kuma wallafa Tarihin Fulani da harshen Hausa domin wanda bai iya Larabci ba. A zaurensa ne Baturen nan Murray Last ya sami yawancin abin da ya gina littafinsa na 1967 a kan Daular Sakkwato. Hukumar adana tarihi ta Jihar Sakkwato da sunansa ake kiranta, kuma akwai tsofaffin rubuce-rubuce a can, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardu ta Ƙasa a Kaduna. Inda Turawa ke da ƙungiyoyi na masu binciken asali, mu waɗannan wurare muke da su, tare da zaurukan malamai da ƙirazan tsofaffi.

To, amma salsala ba ta sarakuna da malamai kaɗai ba ce. Tun da Muhammadu Bello ya kafa wannan birni cikin 1809, jama'a suka yi ta kwararowa daga ko'ina: Gobirawa da Zamfarawa da Kabawa, Adarawa da Zabarmawa da Azbinawa, Sulluɓawa da Toronkawa. Sunayen unguwanninmu da ƙofofinmu suna ba da shaidar wannan, wasu da sunan ƙabila, wasu da sunan sana'a, wasu da sunan mutum, kamar Ƙofar Aliyu Joɗi. Sa'an nan bayan yaƙin Giginya a watan Maris na 1903, dubban mutane suka bi Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya gabas. Ya yi shahada a Burmi cikin wannan shekara, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno kuwa ya ci gaba da sauran jama'a har ƙasar Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin kogin Nilu har yau. Gidaje da dama a nan suna da dangi a can, zumunci ya yanke domin ba wanda ya rubuta sunan wanda ya tafi.

Mai neman asalinsa ya fara da gida. Ya zauna da tsofaffi, musamman mata, domin goggonni da kakanni su ne suka fi riƙe wa ya auri wa, da wa ya sha nonon wa. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne, tun da shayarwa tana haramta aure. Ya buɗe gafakar kakansa, domin marubutan da sukan sa sunansu da na mahaifinsu a ƙarshen littafin da suka juya, wani lokaci har da shekara. Ya nemi takardun rabon gado da na cinikin gida. Ya saurari maroƙa, amma ya auna maganarsu da wata shaida, tun da abin da mai kyauta ke son ji suke faɗa. Abin da ya samu duka ya rubuta shi, da sunan wanda ya faɗa masa, ya raba wa 'yan'uwa.

Akwai gargaɗi guda. Shari'a ta tsananta a kan mutum ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba. Wanda saninsa ya tsaya ga kaka na uku, ya tsaya nan, kada ya ƙaga sharifta ko sarautar da ba shi da ita. Suratul Hujurati ta koya mana cewa hikimar rarrabuwar ƙabilu ita ce sanin juna, fifiko kuwa yana ga tsoron Allah. Amfanin wannan ilmi shi ne sada zumunci, da raba gado bisa gaskiya, da ambaton magabata da sunayensu wajen addu'a.

Jama'a, gara da ruwan sama suna cin takardu, tsofaffi kuma suna ta ƙarewa. Kowane magidanci ya yi ƙoƙari, kafin a kammala ginin nan, ya rubuta salsalar gidansa ta wajen uba da ta wajen uwa. Allah ya gafarta wa iyayenmu da kakanninmu, ya saka wa waɗanda suka ba da dukiyarsu da alheri, ya sa mu cika da imani. Amin. Wassalamu.