Daga Zaure zuwa Falo: Gidan Ma'aikaci da Akwatin Talabijin a Ƙasar Hausa

A al'adar Bahaushe ta dauri, saurayi ba ya fita neman gidan saye domin zai yi aure. Sashe ake yanka masa a gidan ubansa, a tayar da ɗaki ɗaya ko biyu na tubali da azara, ya ci gaba da cin tuwon gandu har ranar da zai ware tukunyarsa. Wanda gida ya yi wa kaɗan kuwa, fili yake roƙa wurin mai unguwa ya gina. Gaskiya ne an daɗe ana cinikin gidaje a manyan birane irin su Kano, amma sayar da gidan gado abin kunya ne, sai wanda talauci ko bashi ya kai bango.

Aikin gwamnati shi ya fara sauya wannan tsari. Malamin makaranta ko akawu da aka ɗauko daga Katsina aka kai Kaduna ba shi da gidan uba a can. Ko dai a ba shi gidan gwamnati, wato abin da aka riƙa kira kwatas, ko ya kama haya. Kowanne ya samu aro ne, domin ranar da ya bar aiki ranar zai miƙa mabuɗi. Daga nan ne mallakar gida na kai ta zama buri a zuciyar ma'aikaci, burin da kakansa bai san shi ba.

A daidai wannan zamani ne talabijin ta shigo. An buɗe tashar farko a Ibadan a watan Oktoba na 1959, sa'an nan Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe tata a Kaduna cikin 1962. A shekarun farko akwatin kallo sai gidan minista ko babban ma'aikaci. Talaka kuwa a fili ya saba kallo, tun zamanin majigi, lokacin da mota ke zuwa ƙofar fada a kafa farin ƙyalle bayan magariba. Saboda haka da hukumomi suka fara ajiye akwatuna a wuraren kallo na jama'a, bai ga wani baƙon abu ba. Kallo a wurinsa sha'anin dandali ne, na maza da yara.

Shekarun 1970 su suka haɗa gidan da akwatin. Kuɗin man fetur ya shigo, kuma a farkon 1975 aka biya ma'aikata ƙarin albashin nan da ake kira Udoji, har da bashin watannin baya a dunƙule. Da yawansu suka nufi kanti suka sayo babur da fanka da firji da talabijin. Ta fuskar gidaje kuma, an kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya a 1973. A 1977 aka mayar da tsohuwar hukumar ba da rancen gini, wadda ke nan tun 1956, ta zama bankin lamunin gidaje na tarayya. A 1978 dokar filaye ta danƙa ƙasa a hannun gwamnan kowace jiha, takardar mallaka ta zama abin nema. A cikin 1977 ɗin ne kuma aka haɗe tashoshin talabijin na ƙasar a ƙarƙashin hukuma ɗaya, wato NTA. Da Alhaji Shehu Shagari ya hau mulki a 1979, sai ya yi alkawarin gina gida 2,000 a kowace jiha duk shekara. Ba a kai ko rabin abin da aka yi niyya ba kafin juyin mulkin ƙarshen 1983, kuma da yawa an gina su can bayan gari inda babu ruwa, babu hanya. Duk da haka sun bar wa harshen Hausa kalma, domin har yau akwai unguwanni da ake kira Lokos, daga lafazin Ingilishi mai nufin gida mai sauƙin kuɗi.

Ba kowane ma'aikaci ne ya yarda da rancen banki ba, saboda ruwan da ke kansa, wanda malamai ke kira riba. Mutane da dama sun gwammace su sayi fili su riƙa ɗora bulo a hankali, da kuɗin adashi ko garatutin barin aiki, ko da ginin zai ci shekara 10.

Abin lura shi ne fasalin waɗannan gidaje. Wanda ya zana su bai yi tunanin zaure ba. A gidan gargajiya zaure shi ne iyakar baƙo namiji: nan maigida ke karɓar gaisuwa, nan ake cin abinci da maƙwabta, daga nan kuma ba mai wucewa ciki sai muharrami ko yaro. Sabon gida kuwa da an buɗe ƙofa sai falo, kuma a falon ne aka girke akwatin, a lulluɓe da ƙyalle mai ado. To, ga matar gida tana son kallo, ga abokan maigida sun zo kallo, ɗaki kuwa ɗaya ne. Kowane gida da dabarar da ya yi. Wani ya kewaye gidan da katanga ya ƙara zaure a gaba, har asalin zanen ya ɓace. Wani in dare ya yi sai ya fito da akwatin ƙofar gida ya ɗora kan tebur, unguwa ta taru, mata kuwa su haƙura. Wani kuma ya bar shi a ciki, ya zama matan maƙwabta da 'ya'yansu ne ke cika falon, takalma jibge a bakin ƙofa. A irin wannan gida na uku ne aka ga abin da ba a saba gani ba, wato miji da mata da 'ya'ya zaune wuri ɗaya suna dariyar abu ɗaya, alhali a da kunya ba ta bari uba ya yi raha a gaban ɗan farinsa.

Abin da ya tara su kuwa wasannin kwaikwayo ne na Hausa. Daga Kaduna akwai Samanja na Usman Baba Pategi, tsohon soja, wanda ya mayar da Hausar bariki abin ban dariya, yana gwamutsa ta da Turancin sojoji. Akwai kuma Ƙasimu Yero da Karambana. Daga Jos akwai Karkuzu, daga Kano kuma Kuliya Manta Sabo. Gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa wa Jihar Kano tasharta, CTV, wadda daga baya aka sa mata sunansa. Masu kuka da cewa Samanja na ɓata Hausa ba su yi masa adalci ba, domin dariyar da ake yi masa ita kanta shaida ce cewa mai kallo ya san daidai. Asarar da ta fi wannan girma ita ce ta tatsuniya. Lokacinta bayan sallar isha ne, a ɗakin tsohuwa, kuma wannan lokacin ne akwatin ya ƙwace. A sabon gidan ma tsohuwar ba ta nan, an baro ta a gidan gado.

Tafiyar gidan da akwatin tare ba ta daɗe ba. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, siminti da kwano suka fi ƙarfin albashi, gwamnati kuma ta rage gina gidaje. Akwatin kallo kuwa sai ƙara yaɗuwa ya yi, musamman da na gwanjo suka cika kasuwa. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fito da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, daga nan mai kallo ya daina jiran ranar da tasha za ta sa masa wasan da yake so. A 1992 aka kafa asusun gidaje na ƙasa, aka fara cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci, wanda a lokacin sau da yawa a ɗakin haya yake kallon kaset ɗinsa.