Gado, Baƙo da Tafinta: Sunayen Tsohuwar Manhaja

"Oga, PageMaker ɗin ya ƙi hawa." Abin da yaron ya faɗa wa maigidansa ke nan, a wani shagon tsara littattafai da nake kai aiki, ranar da suka sayo sabuwar kwamfuta. Maigidan ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Kwamfutar ce dai ta ƙi ɗaukarsa." Na daɗe ina juya wannan 'yar musayar a raina. Yaron ya ga mahayin da ƙafarsa ta kasa kai wa likkafa, maigidan kuma ya ga jakin da ya ƙi kaya. Abu ɗaya suke kallo, amma kalmar da kowa ya zaɓa ta riga ta yanke wa wani hukunci. Da na bi sauran sunayen da ake amfani da su a wannan lamari, sai na tarar kusan kowanne da irin hukuncin da yake ɗauke da shi.

A fara da sunan sana'ar. Turawa suna cewa desktop publishing, wato ɗab'in kan tebur, kuma ana jingina laƙabin ga Paul Brainerd, wanda kamfaninsa na birnin Siyatil a Amurka ya fitar da PageMaker a 1985. Kafin nan tsara shafi aikin maɗaba'a ne, da injinanta da ma'aikatanta. Sai ga shi ya dawo kan teburin mutum ɗaya. Brainerd ya raɗa wa kamfanin suna Aldus, takwaran Aldus Manutius, wani maɗabi'in birnin Benis a Italiya da ya rasu a 1515, wanda ya yi suna da ƙananan littattafan da za a iya riƙewa a hannu. Littattafan wannan mutum, yau shekara ɗari biyar da ɗoriya, duk wanda ya iya Latin ko Girkanci zai buɗe ya karanta. Fayil ɗin da aka tsara da manhajar takwaransa shekara ashirin da biyar da suka wuce kuwa, sai an yi dabara kafin ya buɗe. Adobe ya haɗiye Aldus a 1994, ya fitar da PageMaker 7 a 2001, ya daina raya shi a 2004, ya mai da hankali ga InDesign. InDesign ɗin ma ya buɗe fayilolin yayansa na wani lokaci, daga baya ya daina.

Ita kanta "manhaja" aro ce a kan aro. Daga Larabci ta zo da ma'anar hanya bayyananniya, ta zauna a makaranta a matsayin manhajar karatu, sannan 'yan jarida suka ja ta zuwa kwamfuta. Windows da ire-irenta mukan ce musu babbar manhaja, kuma sunan ya dace, domin ita ce maigida: ita ke ba ƙaramar manhaja wurin zama, ita ke haɗa ta da allo da firinta. Tsohuwar manhaja takan shigo tana neman ƙofofin da ta saba bi, alhali an sake wa gidan fasali.

Kalmar da ta fi ba ni mamaki ita ce legacy, wadda fassararta kai tsaye "gado" ce. A wurinmu gado dukiya ce. Ana kiran malamai su raba shi, ana kai ƙara a kansa. A bakin injiniyoyin kwamfuta kuwa, in sun ce abu gado ne, suna nufin kaya ne da aka bar musu, wanda suke neman hanyar sauke shi cikin ladabi. Duk wanda ya fassara kalmar da "gado" ya yi wa mai karatu daidai a harafi, ya ɓatar da shi a ma'ana. "Tsohon yayi" ya fi kusa da abin da ke ransu. Haka kuma end of life, ƙarshen rayuwa, sai ka ce manhaja tana da ajali. Ba ta tsufa, ba ta tsatsa. Abin da take yi a 2001 shi za ta yi gobe in ta sami gidan da ta sani. Kamfani ne ya zauna ya sa ranar da zai daina kula da ita, sai aka ba shawarar kasuwanci sunan mutuwa. Akwai kuma abandonware, wato yasasshiyar manhaja. Nan ma sunan bai faɗi rabin zancen ba, domin kamfanin bai saki haƙƙin mallakarsa ba, kulawar kawai ya daina. Bahaushe yana da kalmar wannan hali tun kafin zuwan kwamfuta: an jingine ta, ba aure ba saki.

Dabarar farko da masu gyara ke gwadawa ita ce abin da Windows ta kira compatibility mode. Wasu na fassara shi da "yanayin dacewa" ko "jituwa". Kalmomi ne masu daɗi, sai dai in ka leƙa abin da ke faruwa, babu wani sulhu da aka yi. Tsohuwar manhaja takan tambayi maigida, "Kai ne wa?" Sai Windows 10 ko 11 ta amsa mata, "Ni ce XP," ta kuma kwaikwayi wasu halayen XP ɗin don kada a gano ta. Ni dai da an ba ni raɗin suna, sojan gona zan ce. Kuma sojan gonan yana da iyaka. Windows mai bit 64 ba ta karɓar manhaja mai bit 16 ko kaɗan, ga shi wasu tsofaffin manhajoji masu bit 32 sun zo da ɗan mai-girkawa mai bit 16. Baƙon zai iya zama, ɗan rakiyarsa ne aka tsare a bakin ƙofa.

In wannan ta gaza sai a koma ga virtual machine, kwamfutar da aka gina a cikin kwamfuta. Da VirtualBox ko makamancinsa ake keɓe ɗaki guda, a girka Windows XP cikakkiya a ciki, PageMaker ya zauna bai san duniya ta sauya ba. Microsoft da kansa ya taɓa ba da irin wannan ɗaki a Windows 7 ta 2009, da sunan XP Mode. A nan sunayen Turawa sun yi mini daidai: babbar na'ura host, mai masauki, ta cikin ɗakin guest, baƙo. Sai dai mu mun ce baƙo raɓa ne, wannan kuwa ya girmi mai masaukinsa, kuma bai da ranar tafiya. Tun da aka daina tura wa XP gyaran tsaro a Afrilun 2014, masu hankali ba sa barinsa ya leƙa intanet.

Apple ya fi kowa iya raɗa suna. Tsofaffin manhajojinsa ya sa su a wani sashe da ya kira Classic, yabon da ake yi wa abin da ake shirin ajiyewa, kuma ya rufe sashen a 2007. Da ya sauya ƙwaƙwalwar na'urorinsa a 2006, ya kawo mai fassara tsakanin tsoho da sabo ya kira shi Rosetta, sunan dutsen da aka tono a 1799 kusa da garin Rashid na Masar, mai saƙo ɗaya a rubutu iri uku, wanda ya buɗe wa wani masani mai suna Champollion hanyar karanta rubutun Fir'aunoni a 1822. Dutsen yana nan a Landan. Tafintan Apple kuwa an sallame shi a 2011, aka ɗauko wani takwaransa a 2020. Masu Linux nasu tafintan sunansa Wine. Taƙaitaccen suna ne na wata jimla, ba ruwansa da giya, amma gwada faɗa wa Alhaji mai shago za ka sa masa Wine a kwamfuta.

Me ya sa mai tsara littafin Hausa zai jure duk wannan? Sabo yana ciki, amma akwai haruffa masu ƙugiya. PageMaker bai san Unicode ba, tsarin da ya ba ɓ da ɗ da ƙ lambobinsu na kansu. A wurinsa samfurin rubutu gurbi 256 kawai yake da shi, babu namu a ciki. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar da samfuran Rabi'at da Abdalla masu ɗauke da ƙugiya, suka share wa marubuta hawaye. Hikimar irin waɗannan samfura ita ce a zaunar da harafinmu a gurbin wata alama da ba a cika buƙata ba. Shi ya sa in aka kwashe rubutun zuwa inda babu samfurin, sai ka ga }asa, ]aya, ~arawo. 'Yan shago sukan ce rubutun ya fashe. Babu abin da ya fashe. Abin da ke ƙasa ke nan tun farko, rigar ce aka cire.

A shagon da na ambata, sun gwada sojan gona bai yi ba, ɗakin baƙo kuma maigidan ya ce bai yarda da kwamfutar da ba zai iya dafawa ba. Sai suka goge ƙurar tsohuwar kwamfutar suka mai da ita kusurwa, ba intanet ba komai. Yanzu a kanta ake buɗe tsofaffin ayyuka, a mai da su PDF, a kwaso a filashi zuwa sabuwar. Da na koma karɓar aikina na ji maigidan yana ce wa yaron, "Wannan na uwargida ne, kada ka kai wa amarya."