Tunkuyau

Sunansa na yau da kullum ƙuma, amma wani sunan ya fi nuna halinsa: tunkuyau. Ga alama daga "tunkuya" ya fito, aka liƙa masa "-au", kamar yadda mai mantuwa ya zama mantau, mai makara ya zama makarau, wanda ya gagara ya zama gagarau. Kenan tunkuyau shi ne wanda tunkuya ta zama sana'arsa. Ba shi da fiffike, sai dai ya zabura ya faɗo wa ƙafa.

A gidajen karkarar Sarkin Hausa, can yankin Mayahi, inda akurkin kaji da turken awaki ke kusa da ɗakin kwana, ba a rasa shi. A jikin dabba yakan yi wata 2 zuwa 3, macen tana zubar da ƙwai cikin ƙura da ƙarƙashin tabarma. Ɗan da ya naɗe cikin kwansonsa kuwa yana iya jiran watanni, sai ya ji motsi da ɗumin jiki ya fito. Shi ya sa ɗakin da aka daɗe da rufewa ya fi cizo. Fesa magani sau ɗaya ba ya isa: a share, a ƙone sharar, a shanya shimfiɗu a rana, a yi wa kare da awaki magani, a maimaita bayan mako 2.