Daga Yashi zuwa Roba: Tarihin Bakteriya Masu Tace Ruwan Ƙazanta

Ka taɓa ɗauko dutse daga kwata ka ji yana santsi? Wannan yauƙin bakteriya ne suka yi gida, kuma da irinsu ake cire naitirojin daga ruwan ƙazanta.

Fitsari da bayan gida cike suke da naitirojin, sinadarin nan da manomi ke saye a buhun Urea. A gona alheri ne. Amma a garuruwa irin su Dutsin-Ma da Kurfi, inda ake samun shadda da rijiya a gida ɗaya, yana iya tsiyaya cikin ruwan sha a matsayin naitiret. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade miligiram 50 a lita, don in ya yi yawa yakan hana jinin jariri ɗaukar oksijin. Tafasa ruwan kuma ba ya cire shi.

To, yaya aka gano mafita? A 1877, Schloesing da Müntz a Faransa suka riƙa zuba ruwan ƙazanta cikin bututun da aka cika da yashi. Bayan kwana 20, amoniya ta fara komawa naitiret. Da suka sa kulorofom, sai aikin ya tsaya cak. Ashe masu rai ne ke yin sa! A 1890 Winogradsky, ɗan Rasha, ya fayyace waɗannan bakteriya.

Matsalarsu ita ce jinkirin hayayyafa: in ba su da abin maƙalewa, ruwa zai tafi da su. Shi ya sa a shekarun 1890 aka fara yayyafa ruwan a kan tarin duwatsu a Ingila. A ƙarshen shekarun 1980 kuma, Hallvard Ødegaard a Norway ya ɓullo da ƙananan robobi masu ramuka da ke yawo cikin tanki. A tankin da ake hura wa iska, amoniya ta zama naitiret. A wanda babu iska, wasu bakteriyan su mayar da naitiret iskar naitirojin, wadda dama ita ce kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa.

Yashi da tsakuwa ba su yi mana ƙaranci ba. Gwada su a kan ruwan unguwanninmu aiki ne da ya dace da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. Kafin nan, mai haƙa shadda ya nisanta ta da rijiya.