Amfani da Gawayin Noma da Taki Wajen Renon Dashen Itatuwa a Kwarin Rima

Gabatarwa

Jihar Kebbi na ɗaya daga cikin jihohi 11 na arewacin Nijeriya da ke cikin shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a shekarar 2007 domin daƙile gurgusowar hamada. Sai dai dashen da bai yi ƙwari a gandun reno ba, da wuya ya tsallake ranin farko. A jigawar da ke kewaye da Birnin Kebbi da Argungu ƙasa rairayi ce, ruwa na zurarewa da sauri yana tafiya da taki kafin saiwa ta amfana.

Mene Ne Gawayin Noma?

Gawayi ne da ake samu idan aka ƙona ragowar amfanin gona a wuta mai ƙarancin iska har ya yi baƙi bai zama toka ba. Yana da ƙananan ramuka masu riƙe danshi da sinadaran taki, yana rage tsamin ƙasa, kuma yana shekaru bai ruɓe ba. Tsofaffin mazauna yankin Amazon na ƙasar Brazil sun bar baƙar ƙasa mai gawayi wadda har yau take da albarka.

Ba sai an sare itace ba. Ɓuntun shinkafa ya wadata a wannan kwari, inda ake noman shinkafa a fadama, ga kuma manyan injinan casa irin su Labana a Birnin Kebbi da WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017. Totuwar masara ma tana yi.

Yadda Ake Yin Sa

Ana hura wuta a cikin gwangwanin da aka huhhuda aka sa masa bututun hayaƙi, a tula busasshen ɓuntu a kewaye da shi, ana juyawa. Da zarar tulin ya yi baƙi, sai a baza shi a kashe da ruwa.

Haɗawa da Taki

Wajibi ne a lura cewa gawayi ba taki ba ne, ma'ajiyar taki ne. Idan aka zuba shi haka nan, yakan tsotse abincin da ke ƙasa, ganyen dashe ya yi ɗorawa. Saboda haka:

1. A cakuɗa shi da ruɓaɓɓen takin gida, a yayyafa ruwa, a rufe mako biyu zuwa huɗu.
2. Kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na ƙasar da za a ɗura a leda.
3. Bayan dashe ya fitar da ganye sosai, a sa ƙwayoyi kaɗan na takin kamfa a gefen leda, nesa da kara, sannan a ba da ruwa. Yawan takin zamani na ƙona saiwa.

Dashen darbejiya, mangwaro, zogale da bagaruwa duk ana iya renon su ta wannan hanya. Ƙasar laka ta fadama ba ta buƙatar gawayi kamar jigawa.

Kammalawa

Ana shawartar masu gandun reno da jami'an gandun daji na ƙananan hukumomi da su fara gwadawa a jere ɗaya, su kwatanta da sauran kafin su faɗaɗa. A dasa a fili cikin watan Yuli ko farkon Agusta lokacin da damina ta zauna, a kuma killace dashen saboda awaki.